Kufan Okala: ƙauyen da ya girmi Libreville da fiye da shekara 2,000

Duk wanda ya ɗauki taksi daga nan Plaine Orety ya nufi arewa, ya bi bakin teku ya wuce filin jirgin sama na Léon Mba, to idan ya shiga Okala abin da zai fara cika masa ido shi ne gini. Nan ana tona harsashi, can ana buga bulo, gaba kaɗan katafila ta yanke gefen tudu ta bar jar ƙasa a tsaye kamar bango. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ma a nan suke neman abincinsu. Wani magini ne, wani direban tifa ne, wani kuma yana da ɗan shago a bakin hanya yana sayar wa lebura burodi da madara.

A ƙarƙashin wannan jar ƙasa akwai wani gari da ya riga namu. Mutanensa ba su bar rubutu ko layi ɗaya ba, sunan da suke kiran kansu da shi ma ya tafi tare da su. Abin da suka bari shi ne fasassun tukwane, gawayin murhunsu, gatarin dutse, da ƙwallon kwakwar manja da suka fasa suka ci. Masu binciken kufai sun auna waɗannan abubuwa suka gano cewa an zauna a Okala tun wajen shekara 2,500 da suka wuce. Saboda muhimmancin wurin ne ma suka laƙaba sunan unguwar ga wani zamani sukutum na tarihin Gabon, suna ce masa al'adar Okala. Littafin da duk ya yi maganar farkon ƙauyuka a tsakiyar Afirka, da wuya ka rasa wannan suna a cikinsa.

Duk shekara nakan tambayi 'yan ajina: yaushe aka fara zama a Libreville? Hannuwa su tashi, amsar ɗaya ce, 1849. Ba su yi ƙarya ba, haka littafinsu ya ce. A shekarar ce Faransawa suka zaunar da bayin da aka ƙwato daga jirgin ruwan nan mai suna Elizia, aka sa wa wurin Libreville, wato garin 'yantattu. Mai ƙoƙari a cikinsu zai ƙara da 1839, shekarar da Sarki Denis Rapontchombo ya ƙulla yarjejeniya da Bouët-Willaumez, ko ya ambaci zuwan Turawan Fotugal a wajen 1472. Daga nan sai a tsaya, kamar kafin jirgin Bature ya iso babu kowa a nan sai kurmi da giwaye. Alhali ko Turawan da suka kafa sansani a bakin ruwan nan, Mpongwe suka tarar da garuruwansu da sarakunansu. Kafin Mpongwe ɗin akwai wasu, kafin wasun ma akwai wasu.

Juji ne ya ba da labari

Tun a shekarun 1960 wata ƙungiyar masu sha'awar tarihin da ta fara tattara duwatsu da tsingaro a kewayen Libreville da kwarin kogin Ogooué. Amma aikin bai zauna da gindinsa ba sai a shekarun 1980. A Jami'ar Omar Bongo, malamai irin su Lazare Digombe da Michel Locko suka shiga haƙa da ɗalibansu. A 1983 kuma aka kafa CICIBA, cibiyar ƙasa da ƙasa ta nazarin al'adun Bantu, wadda katafaren ginin hedkwatarta da ke Okala ya shafe shekaru ba a ƙarasa shi ba. A ƙarƙashin wannan cibiya ce wani masani mai suna Bernard Clist ya yi aiki, shi ne kuma ya haƙa kufan Okala ya bayyana wa duniya abin da ke ciki. A 1995 ya fitar da littafi kan tarihin Gabon na shekara 100,000.

Kada mai karatu ya zaci an tono ganuwa ko fada. Gidajen mutanen nan na itace ne da ganye, ƙasarmu kuma ba ta raga wa irin waɗannan. Ruwan saman da ke zuba a Libreville a shekara ya kusa milimita 3,000, ya ninka na Kano sau uku ko fiye. Ga gara, ga danshi, ga ƙasar kanta mai tsami ce, tana cinye ƙashi ta narkar da shi. Shi ya sa a yawancin kufan ƙasar nan ba a samun ƙashin mutum ko na dabba.

Abin da ya tsira shi ne ramuka. Mutanen Okala sun riƙa haƙa ramuka masu zurfi a cikin ƙauyensu. Ko don ɗibar yumɓu suka fara haƙa su, ko don ajiya, ƙarshensu dai juji suka zama. Tukunya ta fashe, a jefa. An share murhu, a zuba toka da gawayi. An fasa kwakwa an ci, a watsa ƙwallon. Da ramin ya cika ƙasa ta rufe shi, sai ya zauna kamar tulun da aka liƙe bakinsa. Yau idan katafila ta yanke tudu, ramin yakan bayyana a jikin jar ƙasa a matsayin wani baƙin tabo mai siffar buhu, da ɗigon gawayi da bakin tsingaro suna leƙowa. Mai ido ne kawai zai gane.

A cikin ramukan an samu tsingaron tukwane masu yawa. Tukwanen ginin hannu ne, an yi musu ado tun yumɓun yana ɗanye, ana danna wani abu mai haƙora kamar matsefi ana karkata shi hagu da dama har zane ya fito. An samu duwatsun niƙa da 'ya'yansu. An samu kuma gatura na dutse da aka goge su sumul, bakinsu da kaifi.

Wannan gatari mu Hausawa mun san shi. Shi ne gatarin aradu, wanda manomi kan tsinta a gona bayan ruwa, tsofaffi su ce tsawa ce ta jefo shi daga sama. Gaskiyar magana hannun mutum ne ya yi shi. Ya zaɓi dutse mai tauri, ya fasa shi ya fitar da siffa, sannan ya zauna kwana da kwanaki yana goga shi a kan wani dutsen da ruwa da yashi, daga baya ya ɗaure shi a ƙota. Ruwan sama wanke ƙasar da ta rufe shi kawai yake yi.

To, me waɗannan tarkace suke faɗa? Tukunya abu ne mai nauyi mai saurin fashewa, mai yawon farauta yau nan gobe can ba ya tara ta da yawa. Gatari na sare itace ne, wato ana buɗe kurmi ana neman fili. Dutsen niƙa na mai sarrafa tsiro ne. Rami mai zurfi kuwa sai wanda ya yi niyyar zama yake wahalar haƙa shi. Idan aka haɗa su duka, sai a ga mutanen da suka kafa ƙauye, suka san gona da bishiyar manja, amma ƙarfe bai zama kayan aikinsu ba tukuna. Kafin su, dubban shekaru, akwai mafarauta da masu tsintar 'ya'yan itace a wannan gaɓar teku. An tsinci ƙananan duwatsunsu masu kaifi a wuraren ɗibar yashi na Sablière. Muhimmancin Okala shi ne ya nuna lokacin da rayuwa ta juya daga yawo zuwa zaman ƙauye a wannan yanki. Kuma irin tukwanen Okala an same su can cikin ƙasa, har kwarin Ogooué wajen Lopé, alamar cewa jama'a ce mai faɗi da ke da hanyoyi tsakaninta.

Wa ya ƙirga shekarun?

Na san tambayar da ke bakin wani dattijo yanzu: malam, wa ya gaya musu shekara 2,500 ce, tunda ba a rubuta ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin gawayi.

Duk wani abu mai rai, itace ne ko dabba, yana ɗaukar wani nau'in sinadari daga iska da abinci wanda ake kira kabon-14. Ranar da ya mutu ya daina ɗauka, wanda ke jikinsa kuma ya fara raguwa a hankali bisa ƙa'ida sananniya: duk bayan shekara 5,730 rabi yake tafiya. Kamar randa ce mai ɗan yoyo wadda ka san yawan ɗigon da take zubarwa a kowace sa'a. Idan ka duba ruwan da ya rage, za ka iya lissafa yaushe aka cika ta. Wani Ba'amurke mai suna Willard Libby ne ya fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a kanta a 1960. Ana ɗaukar gawayi ko ƙonannen ƙwallon kwakwa daga cikin ramin, a tura ɗakin gwaji, a auna.

Awon ba ya ba da rana da wata, yakan ba da tsakani ne, a ce daga shekara kaza zuwa kaza. Shi ya sa ake auna samfura da yawa a kwatanta. Na al'adar Okala sun taru tsakanin kimanin shekara 2,500 zuwa 2,100 da suka wuce. A nan akwai abin da ya kamata magina su riƙe: gawayin yana da amfani ne kawai idan an same shi a inda yake, tare da tukunyar da aka jefa shi da ita. Da zarar shebur ya cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa, lissafin ya lalace, kuma babu mai iya gyara shi.

Gero a bakin kurmi

Akwai wani abu a wannan bincike da ya taɓa ni fiye da sauran. 'Yan kasuwarmu da ke bin hanyar Bitam su tsallaka zuwa Kamaru sun san Abang Minko'o da kasuwarta. To a wannan gari, da kuma wani wuri mai suna Bwambé kusa da Kribi, masu bincike daga Jamus da Kamaru sun haƙa ramuka irin na Okala, suka tace ƙasar da ruwa, suka samu ƙonannun ƙwayoyin hatsi. Da aka duba sai ga shi gero ne. Geron da muke fura da kunu da shi. An auna shi, ya kama tsakanin shekara 400 zuwa 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato zamani ɗaya da ƙauyen Okala.

Wanda ya san noma zai yi mamaki. Gero ɗan Sahel ne, tsofaffin alamunsa an same su a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Ba ya son ruwa mai yawa, yana buƙatar rani don ya nuna ya bushe. Yaya aka yi ya zo bakin kurmi? Masu nazarin tsohon yanayi sun duba taɓon da ke ƙasan tafkunan yankin, suka ga cewa wajen shekara 2,500 da suka wuce yanayin tsakiyar Afirka ya canza. Rani ya ƙara tsanani, kurmi ya yi sako-sako a wurare da dama, bishiyar manja mai son haske ta yawaita. A wannan tsakanin ne gero ya samu wurin zama na ɗan lokaci. A kufan kudancin Kamaru na wannan zamani har ƙwallon atili ana samu, wanda mutanen Jos suka sani sarai.

Masana da yawa suna danganta waɗannan ƙauyuka da yaɗuwar masu magana da harsunan Bantu. Fang da Myene da Punu da Nzebi da Kota da muke ji kullum a taksi da kasuwar Mont-Bouët, duk dangi ne da Lingala da Swahili da Zulu. Masana harshe sun bi saiwarsu har yankin iyakar Najeriya da Kamaru, daga can ne suka fara bazuwa dubban shekaru da suka wuce. Sai dai a yi hattara. Tukunya ba ta magana, ba za ta gaya maka yaren wadda ta gina ta ba. Ba daidai ba ne mutum ya ce mutanen Okala su ne kakannin wata ƙabila ta yau kai tsaye. Abin da ƙasa ta tabbatar shi ne hanyar da ke tsakanin arewa da wannan kurmi tsohuwa ce ƙwarai. Kakanninmu da suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul, hanyar da suka biyo wasu sun riga sun taka ta da iri a hannu.

Lopé, inda aka yi zane a kan dutse

Wanda yake son ya ga ci gaban labarin da idonsa, sai ya hau jirgin ƙasa daga Owendo ya sauka a Lopé. A can kurmi yake buɗewa ya zama fili mai ciyawa da tuddai a gefen Ogooué, har mutumin arewa ya ji kamar ya kusa gida. A 2007 hukumar UNESCO ta sa Lopé-Okanda cikin wuraren gadon duniya, shi ne na farko a Gabon, kuma an karɓe shi ne saboda abu biyu: namun dajinsa da kufansa.

A wani wuri mai suna Elarmékora an samu kayan aiki na dutse da aka ƙiyasta sun kai shekara 400,000. Awon kabon-14 ba ya wuce wajen shekara 50,000, don haka wannan ƙiyasi ne daga tsufan shimfiɗar ƙasar da aka same su a ciki. A kan tuddan yankin kuma akwai kufan ƙauyuka da wuraren narkar da tama, da kashin ƙarfe a warwatse. Sana'ar ƙarfe ta shigo Gabon fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A Moanda ma Digombe da abokan aikinsa sun tono tsofaffin murhun narkar da tama na wannan zamani. Don a kwatanta, alamar narkar da ƙarfe da aka auna a Dutsen Dala na Kano ta ƙarni na 7 ce.

Abin da ya fi jan baƙi a Lopé shi ne zanen kan duwatsu. A 1987 Richard Oslisly da Bernard Peyrot suka fara cin karo da su, zuwa yanzu an ƙirga kimanin 1,800 a wurare irin su Elarmékora da Kongo Boumba. Akwai da'ira cikin da'ira, akwai ƙadangaru, akwai wuƙaƙen jifa. An yi su ne ta hanyar sassaƙa ɗigo-ɗigo da kurfi na ƙarfe, wajen shekara 2,000 da suka wuce. Wani ɗan ƙasa, Alain Assoko Ndong, ya yi digirinsa na uku a kan jerin al'ummomin da suka zauna a wannan yanki ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma wani abu mai sa mutum ya yi shiru. Oslisly ya lura cewa daga wajen shekara 1,400 zuwa 800 da suka wuce, alamar mutane ta ɗauke a tsakiyar kwarin Ogooué. Ba gawayi, ba tukunya, ba murhu. Wasu masana na zargin annoba, wasu na duban canjin yanayi. Bayan ƙarnuka sai wasu mutanen suka zo da wani salon tukwane daban. Gari na iya cika ya batse, ya kuma koma kufai har a manta an taɓa zama a cikinsa.

Kusa da mu, a Oveng da ke arewa maso gabashin Libreville cikin yankin fadamar teku, an haƙa tudun ɓawon kawa da katantanwa na ƙarnukan farko bayan Annabi Isa. Ɓawon ya kashe tsamin ƙasa, shi ya sa ƙashin kifi ya tsira har aka san abin da masuntan wurin suke kamawa. A kudu kuma, kusa da Mouila, akwai kogon Iroungou mai zurfin mita 25, wanda aka fara shiga da igiya a 2018. An tarar da ƙasusuwan mutum aƙalla 28 da kayan ƙarfe da tagulla fiye da 500, na ƙarni na 14 zuwa na 15, zamanin da Kano da Katsina suke tashen kasuwanci.

Waɗanda suka fara gani ba masana ba ne

Idan muka waiwaya gida, za mu ga cewa manyan abubuwan tarihin da ake alfahari da su, talakawa masu aikin ƙarfi ne suka fara cin karo da su. A 1928 masu haƙar kuza ne suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna ta yau. A wajen 1943 wani kan yumɓu ya isa hannun Bernard Fagg bayan an yi amfani da shi wajen korar tsuntsaye a gona, daga nan duniya ta san al'adar Nok. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace mai tauri a zurfin wajen mita 5. Bai farfasa shi ya yi makamashi ba, ya kai labari. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya kai shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana Damaturu yanzu.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Da aka ji cewa kayan Nok suna kuɗi a Turai, a shekarun 1990 aka afka wa kufan da diga da shebur, aka yi ta fitar da su ta ɓarauniyar hanya. Haka aka yi wa kufan Bura na Nijar, wanda Boubé Gado ya haƙa a 1983. Mai tonon ya karɓi ɗan abin da bai kai ya kawo ba, dillali ya ci riba, kayan suka ƙare a ɗakunan attajiran waje ba tare da an san daga wane rami suka fito ba. Ƙauyen ya rasa kayan, ya kuma rasa labarin.

A Libreville ɓarawon kufai ba shi ne babbar matsala ba, don tsingaron Okala ba mai sayensa ko da dala. Matsalar ita ce sauri. Gari yana faɗaɗa ta Okala da Angondjé da hanyar Cap Estérias, katafila kuma tana iya share a wuni ɗaya abin da ya kwanta shekara 2,000. Gabon na da doka mai lamba 2/94 ta Disamban 1994 kan kare kayan al'adu, amma masu binciken kufai a ƙasar 'yan kaɗan ne, ba za su iya tsayawa a kan kowane harsashi ba. Wanda ke tsaye a kan kowane harsashi shi ne lebura da magini da direban katafila. Da yawansu namu ne.

Idan ka ci karo da shi

Na tattauna wannan da wasu 'yan'uwa bayan sallar isha'i, abu biyu suka fito. Na farko wani ya ce, ai kayan mutanen jahiliyya ne, ina ruwanmu? Na ce masa ba wanda ya ce a girmama tukunya ko a nemi tubarraki da dutse. Duban abin da mutanen farko suka bari don a ɗauki darasi kuwa, malamanmu sun daɗe suna kwaɗaitar da mu a kai. Idan ƙashin mutum ne ma, ai mu muka fi kowa sanin cewa mamaci yana da alfarma, bai kamata a kwashe shi da tifa a zubar a kwata ba.

Na biyu ya fi nauyi. Wani magini ya ce, malam, in na yi magana aka tsayar da aiki, mai gida zai kore ni, kuma ka san wanda takardunsa ba su cika ba ba ya son ganin hukuma. Wannan gaskiya ce, ba zan ce masa ya jefa abincin iyalinsa cikin haɗari ba. Amma akwai abin da zai iya yi wanda bai fi minti biyar ba.

Idan ka ga baƙin tabo a jikin jar ƙasa da tsingaro da gawayi, ko gatarin aradu, ko tarin kashin ƙarfe, ko tarin ɓawon kawa nesa da bakin ruwa, ka ɗauki hoto da wayarka kafin a taɓa. Ka ajiye kwabon dala ashirin ko biro a gefe don a gane girman abin. Ka ɗauki na nesa wanda zai nuna wurin, ka tura wa kanka alamar wurin ta WhatsApp. Kada ka zaro tsingaron ɗaya-ɗaya, kada ka wanke, kada ka kwashe gawayin. Ka gaya wa shugaban aiki, don sau da yawa ana iya juyawa wani ɓangaren a bar wannan na kwana biyu. Idan kai ba za ka iya kai labari ba, ka ba wani malamin makaranta ko shugaban al'umma hoton, shi ya miƙa ga sashen tarihi da binciken kufai na Jami'ar Omar Bongo, ko gidan tarihi na ƙasa da ke bakin teku. Ko da an rufe wurin da siminti daga baya, sanin cewa akwai kufai a nan ma ribar ilimi ce, don ana sa shi a taswira.

Iyaye kuma akwai nasu. Gidan tarihin nan da aka sake buɗewa a 2019 a tsohon ofishin jakadancin Amurka bai yi mana nisa ba daga Plaine Orety. Yaranmu a nan aka haife su, a nan suke karatu, da yaran Fang da Punu da Myene suke zama benci ɗaya. Yaron da ya san cewa gero ya taɓa isowa bakin kurmi, ya san gatarin da kakarsa ke kira na aradu irinsa ne aka tono a Okala, zai karanta tarihin ƙasar nan a matsayin abin da shi ma yake da hannu a ciki, zai kuma girmama na maƙwabcinsa.

Bana na canza tambayar da nake yi wa 'yan aji. Na daina cewa yaushe aka fara zama a Libreville, sai na ce: wa ya taɓa ganin fasasshiyar tukunya a inda ake tona ƙasa a unguwarsu? Hannu huɗu suka tashi. Ɗaya daga cikinsu, wanda mahaifinsa magini ne, ya ce babansa yana yawan ganinsu, zubarwa suke yi. Na ce ya gaishe shi, ya kuma roƙe shi in ya sake gani ya ɗauko mana hoto kafin shebur ya sauka.